Daminar da ba ta da shamuwa

A gidanmu na cikin birnin Zariya, ba kalanda ke gaya wa mahaifinmu lokacin gyaran soro ba, zafin bazara ne. Da zarar kwana a ɗaki ya gagara, aka koma shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai ka ji ya ce a kira masa magini. A zubo jar ƙasa a ƙofar gida, a jiƙa, a watsa mata yankakkiyar ciyawa, mu yara mu shiga da ƙafa mu yi ta tattakawa har ta yi danƙo. Magini ya hau sama ya bi duk inda ya tsage ya toshe, ya yi yaɓe, ya bi da makuba. Ya zura hannu cikin kowane indararo ya zaro sheƙar tsuntsu da tsummokara. A cikin gida kuma Inna na nata aikin: itacen girki ya koma ƙarƙashin rumfa, buhun hatsi ya hau kan duwatsu ya bar ƙasa, a yashe kwata. Kafin shamuwa ta sauka a kan rimin unguwarmu an gama komai. Ranar da hadarin farko ya haɗo daga gabas, Baba na zaune a zaure yana jan carbi, maƙwabcinmu da ya yi sakaci kuwa yana bisa soro da kwano a hannu, iska na kaɗa masa riga, yana cusa ƙasa a tsaga yana kiran yara su miƙo masa ruwa.

Abin da ya tuno mini da wannan duka wata hira ce da ɗan yayata da ke karatu a birnin Kobe na ƙasar Japan. Ya kira ni ta bidiyo, na ce ya zagaya da ni ɗakin in ga inda yake kwana. Ɗaki ne ɗan mitsitsi, amma sai idona ya yi ta tsayawa a kan wasu abubuwa. Tsakanin kan kabad ɗin kayansa da silin akwai sanduna biyu na ƙarfe da aka tokare. Bangon da ke saman gadonsa fayau yake, ko hoto babu. A ƙarƙashin tebur ga katan-katan na ruwan gora. A bakin ƙofa ga wata jakar goyo a ɗaure, kamar ta mai jiran motar asuba. A gefen gado kuma ga takalmi sau-ciki, da tocila da usur a cikin ƙafa ɗaya.

Na ce, "Kai kuwa wa ya koya maka kwana da takalmi a gindin gado? Ko yawon dare ka fara?"

Ya yi dariya ya ce, "Kawu, in ƙasa ta girgiza gilashi ke fara zubewa. Wanda ya sauko ba takalmi ya yanke ƙafa tun daga bakin gado, ina za shi? Usur ɗin kuma na wanda gini ya danne ne. Murya tana ƙarewa, shi ko da ɗan numfashi kaɗan sai ya yi ƙara."

Bayan mun yi sallama na daɗe ina juya abin. Ashe shirin damina na gani a ɗakin yaron nan. Bambancin kawai, tasu daminar ba ta da bazara, ba ta da hadari, ba ta da shamuwa. Ana iya shekara 50 ana yaɓe ba ta zo ba, ana iya kwanciya yau ta zo kafin asuba.

Dalilin da ya sa su suke wannan fama mu ba ma yi, a ƙarƙashin ƙafa yake. Doron ƙasa ba dunƙule yake ba, kamar ƙwaryar da ta fashe gyartai ya ɗinke ne, ɓangare-ɓangare. Ɓangarorin nan suna motsi santimita kaɗan a shekara, wani na cusa kai ƙarƙashin wani, su cije na shekaru aru-aru, rana ɗaya su kufce. Ƙasar Hausa tana tsakiyar ɓangaren Afirka, nesa da ɗinki. Japan kuwa a kan ɗinkin take zaune, inda ɓangarori 4 suka haɗu. A tekun da ke kudu da ita akwai wani kwazazzabo da ake kira Nankai, wanda ke kufcewa duk bayan shekara 100 zuwa 150, kuma rabonsa da yin haka tun 1944 da 1946. A watan Maris na 2025 gwamnatin ƙasar ta fitar da ƙiyasin cewa in ya kufce da cikakken ƙarfinsa, a mafi munin yanayi, mutanen da za su mutu na iya kai 298,000. Wace shekara, wane wata, babu masanin da ya isa ya faɗa. Abin da fasaha ta iya ba su shi ne 'yan daƙiƙoƙi. Girgiza tana aiko ƙaramin motsi mai sauri kafin babban ya iso, to tun 2007 hukumar yanayi ta ƙasar ke kama na farkon ta busa gargaɗi a wayoyi da talabijin, jiragen ƙasa masu gudu su taka birki da kansu. Daƙiƙa 5 ko 10, iyakar shiga ƙarƙashin tebur a rufe kai. In kuwa a ƙarƙashin garin abin ya fashe, gargaɗin da girgizar tare suke isowa.

Haka ta faru a Kobe ɗin da yaron yake, tun ma kafin a ƙirƙiro gargaɗin. Ranar 17 ga Janairun 1995, ƙarfe 5:46 na asuba, cikin tsananin sanyi, mutane na barci. Girgizar ba ta wuce daƙiƙa 20 ba. Gidaje fiye da 100,000 suka rushe ƙurmus, babbar gadar sama ta motoci ta kwanta a gefenta kamar katangar da ruwa ya ci gindinta, mutum 6,434 suka rasa rayukansu. Cikin waɗanda suka mutu nan take, kusan 8 cikin 10 gini ne ko kayan ɗaki suka danne su, kuma mafi yawansu sun cika cikin minti 15 na farko. Ke nan kafin motar agaji ta farko ta tashi, an riga an gama yawancin mutuwar. Wanda zai tsira da wanda ba zai tsira ba, tun ranar da aka gina gidan da ranar da aka jera kayan ɗakin aka yi rabin hukuncin.

Gidajen da suka fi kashe mutane su ne suka fi tsaya mini a rai, don na ga soronmu a cikinsu. Tsofaffin gidajen katako ne masu siraran ginshiƙai, aka ɗora musu rufin tangaran mai nauyin gaske, wani ma da taɓo a ƙarƙashinsa. Ba wauta ta sa kakanninsu yin haka ba. Yankin na fama da guguwar teku, nauyin ne ke hana iska yaye rufin. Dabarar da ta kare su daga wata masifa ita ta danne su a wata. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin azara da ƙasa ya san daɗin soro, sanyi da rani, ɗumi da hunturu. Ya kuma san nauyin da ke bisa kansa in ya tuna yaɓen shekara 30 da aka yi ta ɗorawa wani kan wani. Ginin ƙasa yana jure nauyin da ke danno shi daga sama, abin da ba ya jurewa shi ne a jijjiga shi gefe da gefe. An ga haka a garin Bam na Iran a 2003, an sake gani a ƙauyukan tsaunukan Maroko a watan Satumban 2023, inda kusan mutum 3,000 suka mutu, da yawa a gidajen ƙasa da dutse. Japan ta tsaurara dokar gini a 1981, kuma a Kobe an ga bambanci ƙarara tsakanin gidajen da aka gina kafin dokar da na bayanta. Shi ya sa har yau ƙananan hukumomi da yawa a can ke tura masana su duba tsohon gida, su kuma taimaka da wani abu daga kuɗin ƙarfafa shi. Maginin da Baba ke kira da bazara ne, sai dai nasu da takardar shaida yake zuwa.

Sai maganar sandunan nan da ke tokare da kabad. A nan dole in taɓo iyayenmu mata, su yi mini afuwa. Shiga ɗakin amarya a ƙasar Hausa ka ɗaga kai. Ga jere ya tashi tun daga ƙasa har rufi, kwalla kan kwalla, langa kan langa, kwanukan tangaran a kabad mai gilashi, kuma sau da yawa gadon a gindinsu yake. Mu a wurinmu ado ne da nuna gata, kuma babu laifi, tunda ƙasarmu ba ta rawa. In da a Kobe ne, da wannan ɗakin tarko ne. Hukumar kashe gobara ta Tokiyo ta ce a girgizar ƙasa da dama na baya-bayan nan, kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda suka ji rauni kayan ɗaki ne suka faɗo musu ko suka ture su. Firji yana tafiya, talabijin yana tashi sama, kabad yana faɗuwa ya tare ƙofa mutum ya rasa hanyar fita alhali wuta na tahowa. Don haka ake ɗaure manyan kaya da bango da ƙarfe mai lanƙwasa, a sa masu nauyi a ƙasa marasa nauyi a sama, a sa wa ƙofofin kabad sakata, a manna wa gilashi wata leda mai hana shi tarwatsewa. Ɗakin kwana kuwa a rage masa kaya iyakar iyawa. Aiki ne na yini ɗaya da kuɗi kaɗan, amma a can ɗin ma ba kowa ke yi ba. Ɗan Adam ɗaya ne ko'ina, maƙwabcinmu mai kwano a bisa soro yana da 'yan'uwa a Japan.

Inda na ji mun fi su, ko in ce wahala ta riga ta koya mana, shi ne ruwa. Shawarar da hukuma ke ba kowane gida ita ce a ajiye lita 3 ta sha da girki ga kowane mutum a kullum, na aƙalla kwana 3, in da hali na mako guda. Na yi lissafi da gida mai mutum 10 irin namu: lita 210 a mako, durom guda ke nan, ko kusan kurar mai ga-ruwa ɗaya. Wace uwargida ce a Kano ko Damagaram za a zaunar a koya mata wannan? Randa cike, durom cike, jarkoki a jere a bayan ɗaki, don ta san famfo ba abin amana ba ne. Su kuwa mutanen da famfonsu bai taɓa yin tari ba, sai da gwamnatin Tokiyo ta buga wani littafi mai launin rawaya a 2015 ta raba gida-gida, tana koya musu irin waɗannan abubuwa. A Kobe wutar lantarki ta dawo cikin mako guda, amma ruwan famfo da iskar gas sai da aka yi kusan wata 3 kafin su gama dawowa ko'ina. Mutanen da ke hawa na 10 suka koma hawa da bokiti a matakala.

Abinci ma dabararsu ta rumbu ce. Da can sukan sayi abincin gwangwani na musamman su ɓoye, shekaru su wuce, ranar da aka buɗe a tarar ya lalace. Yanzu abin da ake koyarwa shi ne ka riƙa sayen abin da ka saba ci fiye da buƙatarka kaɗan, ka ci tsohon, ka mayar da sabo a bayansa, kada dai ma'ajiyar ta taɓa komawa fanko. Inna ba ta taɓa barin sabon gero ya hau kan tsoho ba, kuma ba ta taɓa yarda a ga gindin buhu ba. A watan Agustan 2024, bayan wata girgiza a kudancin ƙasar, hukuma ta yi gargaɗi irinsa na farko cewa yiwuwar babbar ta Nankai ta ɗan ƙaru, a zauna cikin shiri na mako guda. Nan da nan ruwan gora da shinkafa suka yi wuya a kantuna da dama. Masu fafe gora ranar tafiya ke nan.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a gaban surukai, amma shi ya fi wahalar da mutane: bayan gida. Banɗaki mai ruwa, in ruwa ya yanke, cikin yini guda ya zama abin gudu. A makarantun da aka tsugunar da mutanen Kobe haka ta faru. Sai mutane, musamman tsofaffi da mata, suka rage shan ruwa don kada su buƙaci zagayawa, daga nan jini ya yi kauri, ciwo ya shigo. A girgizar Kumamoto ta 2016 mutum 50 ne gini da zaftarewar ƙasa suka kashe kai tsaye, amma fiye da 200 suka mutu daga baya saboda wahalar zaman gudun hijira, wasunsu don kwana a takure cikin mota. Shi ya sa a jakar ɗan yayata akwai wasu ledoji da garin da ke daskarar da ƙazanta, ana lissafin 5 ga kowane mutum a kullum. Masan gargajiya da muke rainawa ba ya neman ko kofi ɗaya na ruwa kafin ya yi aikinsa.

Wuta ita ce ta biyu bayan gini. Ranar 1 ga Satumban 1923, saura minti 2 sha biyun rana, girgiza ta afka wa Tokiyo da Yokohama daidai lokacin da kowane gida ya hura gawayi ana girkin rana, ga kuma iska mai ƙarfi. Mutum kimanin 105,000 suka mutu, mafi yawansu gobara ce ta ci su. A wani fili guda kaɗai kusan 38,000 suka ƙone, don sun gudo da katifu da kayan ɗaki sun cika filin, tartsatsi ya sauka a kan kayan. Daga nan aka daɗe ana koya wa mutane cewa da ka ji motsi ka ruga ka kashe murhu. Yanzu an sauya, don an ga masu rugawar na ƙonewa da tafasasshen ruwa da mai. Mitar gas ta gidajen Japan tana yanke kanta in girgiza ta yi ƙarfi, saboda haka ka kare kanka tukuna, in ƙasa ta natsa ka duba wuta. Wata gobarar kuma mu ma mun san ta sarai. An ɗauke wuta, mutum ya bar dutsen guga ko hita a kunne ya fita, an kawo wuta ba kowa a gida. Kasuwa nawa muka rasa ta haka? A Kobe an sami gobarar da ta tashi sa'o'i, har kwanaki, bayan girgizar, lokacin da lantarki ya dawo cikin wayoyin da suka yanke da hitocin da kaya suka faɗo musu. Maganin shi ne kafin ka bar gida ka sauke babban makunni. Har wata 'yar na'ura suke sayarwa mai arha, ƙwallo ne a kan ɗan dandamali da zare ɗaure da makunnin, in gida ya jijjiga ƙwallon ya faɗo ya ja shi ƙasa.

Duk wannan shirin cikin gida ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yana waje, a bakin ƙofa.

An ƙiyasta cewa a Kobe da kewayenta mutum kimanin 35,000 ne gini ya rufe suka kasa fita da kansu. 'Yan kwana-kwana da 'yan sanda da sojoji sun zaro kimanin 8,000. Sauran 27,000 ɗin iyalansu da maƙwabtansu ne suka tono su, da hannu, da jak ɗin mota, da zarto, da duk ƙarfen da aka samu. Ba gazawar hukuma kaɗai ba ce. Hanyoyi sun toshe, bututun ruwa sun fashe har masu kashe gobara suka tsaya da mesa a hannu ba ɗigo, kiran neman taimako kuma ya fi ma'aikata yawa nesa ba kusa ba. Wanda ke ƙarƙashin gini kuwa sa'o'in farko ne nasa, bayan kwana 3 da wuya a same shi da rai.

A tsibirin Awaji, kusa da inda girgizar ta fashe, a lokacin akwai wani ƙaramin gari da ake kira Hokudan. Gidaje da yawa sun rushe, kimanin mutum 300 suka binne. Kafin ranar ta ƙare an tono su duka, ba a kwana ana neman kowa ba. Abin da ya sa, mutanen garin sun san juna har sun san ɗakin da kowa ke kwana. Ba su tsaya tona gida tun daga zaure ba. Sai wani ya ce tsohuwar gidan nan a ɗakin baya take kwana, ta gefen hagu, a haƙa nan. A unguwar Mano ta cikin Kobe kuma, mutanen da suka yi shekara da shekaru suna haɗuwa don yaƙi da hayaƙin masana'antu da gyaran unguwarsu, ranar da wuta ta tashi ba su jira kowa ba, suka yi layi suna miƙa wa juna bokiti har suka tare ta, alhali wasu unguwannin gundumar Nagata sun ƙone ƙurmus.

Na karanta labarin Hokudan sai na ga unguwarmu ta da. Wa bai san ɗakin kowace tsohuwa ba? Yaro aka aika da tuwo ya san wace ƙofa zai ɗaga labule, ya san wa ke kwana a turaka wa ke kwana a shago. In jinka za a ɗora, kira ɗaya ake yi maza su fito. Har yanzu ma akwai shiri guda da ba mu taɓa sakaci da shi ba. Je kowane masallacin unguwa, za ka tarar da makara a jingine, diga da shebur suna wurin da kowa ya sani, masu haƙa sun san kansu, mai wanka an san gidansa. Ba a taɓa yin rasuwa aka tsaya tambayar ina za a samo kayan aiki ba, ba kuma wata hukuma ta tsara mana ba. To abin da Japanawa suka yi bayan Kobe kusan wannan ne, sai dai nasu na tono mai rai ne. A unguwanni da yawa akwai ƙungiyar sa-kai ta mazauna, da ɗan ɗakin ajiya a filin wasan yara ko harabar makaranta, cikinsa jak da zarto da igiya da bokitai da abin ɗaukar majinyaci, makullin na hannun mutane da yawa. Suna cewa taimako uku ne: na kanka, na junanku, sannan na hukuma, kuma a jere suke zuwa kamar yadda aka lissafa su. Ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara, wadda tun 1960 aka keɓe don tunawa da 1923, ana fita atisaye, yara su shige ƙarƙashin tebura, manya su gwada kashe wuta da dafa shinkafar mutum ɗari a tukunya guda. Rabin amfanin taron ma ganin fuskar juna ne.

Ni da nake wannan rubutu yanzu a sabuwar unguwa nake, irin mai doguwar katanga da waya a bisa da get na ƙarfe. Shekarata 6 a nan. Maƙwabcina na dama muna gaisawa ta gilashin mota. Ban san 'ya'yansa nawa ba, balle ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana, ko da yake ina jin tarinta da asuba ta bayan katanga. Ita kanta katangar bulo, a ƙasar da ke girgiza, makami ce: a 2018 a yankin Osaka katangar wata makaranta ta faɗo wa yarinya 'yar shekara 9 tana hanyar zuwa aji, abin da ya sa aka bi makarantun ƙasar ana rushe irinta.

Akwai darasi guda nasu da na san zai yi wa uwa Bahaushiya ɗaci. A gaɓar tekun arewa maso gabas, inda igiyar ruwa ke biyo bayan girgiza, suna da wata tsohuwar ƙa'ida da suke kira tendenko: in ƙasa ta girgiza kowa ya gudu tudu shi kaɗai, kada ya koma neman kowa. Da jin farko rashin imani ne. Amma an ga iyalai da suka hallaka gaba ɗaya saboda uwa ta koma neman ɗa, ɗa ya tsaya jiran uwa. Ƙa'idar ba ta aiki sai an yi alkawari tun ana zaune lafiya, kowa ya tabbata ɗan'uwansa ma zai gudu, an kuma san inda za a haɗu. Ranar 11 ga Maris ɗin 2011, a garin Kamaishi, ɗalibai kusan 3,000 na firamare da ƙaramar sakandare sun bi abin da aka koya musu, manya na jan hannun ƙanana, kusan dukkansu suka tsira, a bala'in girgiza da igiyar ruwa da ya ci mutum fiye da 18,000. Mu ma muna da ɗan irinsa ranar Idi, in za a shiga cunkoso: in mun rabu kada ka neme ni, mu haɗu a gindin bishiyar can. Su sun ƙara da lambar waya, 171, wadda mutum zai kira ya bar saƙon murya cewa yana raye kuma yana wuri kaza, danginsa su kira su saurara.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare, ko da sanduna goma a kan kabad. Gaskiya ne. Amma Baba da ke kiran magini kowace bazara shi ne limamin zaurenmu, ban kuma taɓa jin wanda ya ce yaɓensa ƙarancin tawakkali ne ba. Wanda aka yi wa dariya shi ne mai kwano.

Ba na cewa mutumin Katsina ya tashi gobe ya ɗaure kabad da bango. Motsin da aka ji a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da na Mpape a Abuja a 2018 sun tsorata mutane, amma ƙanana ne. Sai dai Bahaushe ba ya zama wuri ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango suna zaune a Akara, birnin da girgiza ta kashe mutum 17 a cikinsa a watan Yunin 1939, kuma har yanzu yakan motsa jefi-jefi. 'Ya'yanmu na karatu da kasuwanci a Turkiyya, inda girgizar 6 ga Fabrairun 2023 ta zo da ƙarfe 4:17 na dare ta kashe fiye da mutum 50,000 a can da Siriya. Mai ɗa ko ƙane a irin waɗannan wurare, in sun yi waya, bayan ya tambaye shi karatu da abinci, ya tambaye shi shekarar da aka gina gidan da yake haya, da abin da ke saman gadonsa, da ko ya san sunan wanda ke ɗakin kusa da shi.

Ni na yi wa nawa wannan tambaya ta ƙarshe. Ashe an riga ni. Bayan bala'in 2011, wanda kusan kashi biyu cikin uku na mamatansa sun haura shekara 60, an gyara doka a 2013 aka wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta rubuta sunayen tsofaffi da naƙasassun da ba za su iya gudu da kansu ba. A unguwar da yaron yake matasa sun yi ƙaranci, don haka da ya je atisaye shugaban ƙungiyar mazauna ya ga ƙato ne, ya tambaye shi ko zai karɓi mutum ɗaya. Aka haɗa shi da wata tsohuwa a hawa na biyu, mai tafiya da sanda, ba ta ji sosai. Ya ce ranar da ya je gaishe ta ba su fahimci rabin maganar juna ba, amma ta kama hannunsa ta kai shi har ciki ta nuna masa shimfiɗarta.

"Ɗaki na biyu ne daga ƙofa, Kawu," in ji shi. "Kanta na wajen taga."